Ranar da Na Koya wa Rago Lissafin Wuta

Abubuwa da yawa sun faru da ni a gidan aure waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da surukina ya gasa ƙwan zabin Inna, wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga kaina. Har gobe, duk shekarar da na zo darasin lissafin wutar lantarki a aji, da na ɗauki alli na rubuta bolt goma sha biyu a allo sai in ji ƙaurin ƙwai a hancina. In yi ta danne dariya, ɗalibai suna kallon juna, suna zaton wani abu ya taɓa Malama.

Lokacin ina amarya, daminata ta farko a gidan. Gidan surukaina ne, a wani ƙauye da ke gefen Haɗejiya, inda in ka leƙa ta kan katanga kana hango kogi. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, an kuma yi dogon hutu, don haka kullum ina gida. Mijina ɗan fari ne, to kun san yadda abin yake. Mahaifinsa, wanda muke kira Baba, bai taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" yake cewa, ko da yake yaron nan ya fi shi tsawo ya fi shi gemu. Ni kuwa matar yaron nan, kunyar da ke tsakanina da Baba ninki biyu ce. In na ji takunsa sai in shige ɗaki. In muka yi kiciɓis in zube ƙasa in gaishe shi kaina a sunkuye, shi kuma ya amsa yana kallon rumbu. Daga gaisuwa ba wata kalma da ke shiga tsakaninmu.

Sai dai Baba mutum ne mai magana, ba ya iya riƙe ta a ciki. Don haka ya samo wa kansa dabara. Akwai wani farin rago da yake kiwo, ɗaure a turke a gindin dalbejiya, daidai tagar ɗakina. Duk abin da Baba yake so in ji, ragon yake gaya wa. Sai ya zo da dusa a kwano, ya yi gyaran murya ya ce, "Kai rago, miyar jiya ta yi daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi gaba." Washegari in rage gishiri. Ka'idar abin ita ce shi ke magana da rago, ni saurare ne nawa. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, amma na san amaryar da ta amsa wa suruki, ko ta bakin dabba ne, sai an yi da ita a bakin rijiya.

Sana'ar Baba tun yana saurayi bandar kifi ce, kuma gwani ne na gaske, wannan ba zan rage masa ba. Masunta daga nesa suke kawo masa tarwaɗa da karfasa ya kyafe musu. Da bayan hannunsa yake auna wuta. In ya kai hannu saman murhun banda ya ce a janye ice ɗaya, to a janye ɗin, don bai taɓa ƙona kifin wani ba. Wannan gwanintar ce ta ja mana abin da ya faru.

Ita kuma Inna, mahaifiyar mijina, abin da ta fi ƙauna a duniya bayan 'ya'yanta shi ne zabinta. Farare ne tas, irin da mahaifiyarta ta ba ta lokacin da aka kawo ta daga wajen Miga, tana ta riƙon irin har ta yi furfura. Ambaliyar shekarar da ta gabata ta tafi da kusan duka, tare da kajin gidan, aka bar zabo ɗaya da zabuwa ɗaya. Da damina ta kama zabuwar ta fara ƙwai, Inna tana bin ta cikin ciyawa tana tsincewa, tana tarawa a ƙwarya. Sun kai wajen talatin sai muzuru ya ɗauke zabuwar. Dama zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta, to ga shi ba kaza a gidan, na maƙwabta kuma ciwo ya share su. Inna ta zauna da ƙwaryarta a gaba tana kallo. Kowa a gidan ya san in ƙwan nan ya lalace, irin ya ƙare ke nan.

Mijina mutum ne mai hannu, ba ya ganin tarkace ya wuce. Ya samo wani ƙaramin firji da ya mutu, ya zaro naɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin tsohon rishon lantarki, ya ce zai yi wa ƙwan uwa da batir ɗin da sola ke cika mana. Shi ya yi aikin hannu, ni na yi lissafi. Lissafin kuwa ba wani mai wuya ba ne. Batir yana turo wuta da ƙarfin bolt goma sha biyu. Ita wayar risho aikinta turjiya, wato ta hana wutar wucewa da sauƙi, garin wannan kokawa ne take ɗaukar zafi. Muka yi ta gwada tsawon wayar har ma'aunin zafi da muka rataye a ciki ya tsaya daidai ɗumin cikin kaza. Na sa mitar auna wuta, na ga amfiya biyu ce ke gudu. In ka raba goma sha biyu gida biyu, shida ke nan, turjiyar wayar om shida. In ka ninka goma sha biyu sau biyu kuma, wat ashirin da huɗu, shi ne ƙarfin zafin da take bayarwa. Mijina ya huda 'yar taga a saman firjin don iska, aka ajiye shi a shagon da ke jikin zaure, kusa da batir. Inna ta jera ƙwanta da bisimilla, safe da yamma tana zuwa ta juya su.

Ba su yi sati a ciki ba aka aiko cewa ruwa ya fara hawa gonar shinkafarmu ta wajen Kirikasamma. Mijina ya ɗauki fartanya da buhuna ya tafi yin jinga don tare ruwan, can inda sai mutum ya hau bishiya wayar hannu ke kamawa. Tafiyarsa ke da wuya ruwan sama ya ɗauke, rana ta buɗe irin buɗewar nan ta tsakiyar damina mai sa mutum gumi yana zaune. Da hantsi na leƙa shagon na ga ma'auni ya ɗan haura kaɗan. Ba abin tashin hankali ba ne, na ƙara buɗe 'yar tagar na koma madafi.

Ina tsaka da wanke shinkafa na ji an buɗe firjin. Can sai ga Baba ya fito tsakar gida yana shafa bayan hannunsa, ya tsaya gaban rago.

"Kai rago, wutar nan ta yi wa ƙwai yawa. Yaron nan ya cika mata waya. Wuta kuwa in ta yi yawa, ice ake janyewa. Bari in ɗauko filaya in rage mata rabi."

Shinkafar ta kusa zubewa daga hannuna. Na ruga ɗakin Inna, na durƙusa, na ce, "Inna, don Allah a gaya wa Baba kada a yanke wayar nan. In aka rage ta, zafin ƙaruwa zai yi."

Inna ta dube ni da tausayi, kamar wadda rana ta buga. "'Yar nan, wane irin abu ne za a rage shi ya ƙaru? Malam fa da wuta ya tsufa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na yi ta magiya har ta miƙe. Ina laɓe a bayan labule na ji yadda ta isar da saƙona. Cewa ta yi, "Malam, yarinyar nan ta ce a dai bi abin a hankali." Baba ya ce, "Allah ya yi mata albarka, yarinya mai hankali." Sai na ji ƙat! Inna ta dawo fuskarta a sake ta ce ya sa mini albarka.

Na tsaya a madafi ina lissafi a zuci. Rabin waya, rabin turjiya, om uku ke nan. Goma sha biyu a raba gida uku, amfiya huɗu. Goma sha biyu sau huɗu, wat arba'in da takwas. Baba ya je rage wuta ya ninka ta. Da aka yi sallama da shi a ƙofar gida, na yi sanɗa na shiga shagon na cire maƙalin batir, na fito kamar ban san komai ba. Bai daɗe ba ya dawo ya gani. Ya mayar da maƙalin, ya fito da murya sama-sama.

"Kai rago, akwai mai son ƙwan nan ya yi sanyi ya mutu. A gaya masa wutar da aka daidaita ba a wasa da ita."

Ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar shagon, ya zauna gadi da carbi a hannu. Ni kuma ina kai da kawo tsakanin madafi da ɗaki, ba abin da nake iya yi. Haushi nake ji, wallahi, haushin Baba da na Inna da na mijina da ya tafi ya bar ni, har da na ragon da ke tuƙa abinsa hankali kwance. Ga magana a bakina tana ƙona ni, gajeriya, wadda na sha faɗa wa yara arba'in a aji ba tare da muryata ta yi rawa ba, amma na kasa faɗa wa tsoho ɗaya.

Gab da azahar Baba ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida. Ban tsaya shawara ba. Na faɗa shagon, na buɗe firjin, zafi ya bugi fuskata. Na lalubi layin ƙasa na can baya, mafi nisa da wayar, na kwaso ƙwai shida, iya abin da lokaci ya ba ni. Na naɗe su a ɗankwali, na ɗaura a cikina ta ƙarƙashin zane, na saki hijabi a kai. Wannan dabarar ban karanta ta a wani littafi ba. Na dai san ɗumin jikin mutum bai yi nisa da na kaza ba, kuma a gidan nan ranar ba wata kaza sai ni.

Na fito ke nan na kai tsakiyar gida, sai ga Baba da butarsa. Ba hanyar gudu. Dole in durƙusa in yi masa sannu, ga ƙwai shida a ƙugu. Na fara sauka a hankali a hankali, kamar raƙumin da aka yi wa kaya, ina addu'a a raina. Gwiwata na taɓa ƙasa na ji ƙwas! Wani abu mai ɗumi ya fara bin cinyata. Na ce, "Barka da rana, Baba," muryata kamar ta mai zazzaɓi. Ya amsa yana kallon rumbu. Da ya wuce ta gaban rago na ji yana cewa, "Yaran zamani ke nan. Tun yanzu gwiwa ta fara ƙara."

Na lallaɓa ɗaki ina tafiya ƙafa a buɗe. Ta taga na hango shi ya shiga shagon ya kai bayan hannu cikin firjin, ya janye da sauri. Na ce a raina alhamdu lillahi, jiki magayi, yanzu zai gane. Ashe ban san Baba ba. Ya leƙo ya ce, "Kai rago, ashe ban rage da yawa ba. Ga kuma wani ya buɗe mata taga, iska tana hura ta." Ya yagi tsumma ya toshe 'yar tagar tam. Sannan na sake jin ƙat!

Ban so in yi lissafin ba, kaina ne ya yi da kansa. Om ɗaya da rabi. Amfiya takwas. Wat casa'in da shida, ninki huɗu na abin da ƙwan ke bukata, a cikin akwatin da aka toshe wa hanci. Baba ya jawo ƙofar shagon, ya danna mata kwaɗo saboda mai cire maƙali, ya jefa makulli a aljihu. Ya gaya wa rago cewa daga masallaci zai wuce ta'aziyya ƙauyen gaba, sai la'asar. Batir yana ciki, firji yana ciki, makulli ya tafi ta'aziyya.

Wunin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Na canja zane, na gyara ɗaurin biyar ɗin da suka rage, amma ƙarnin wanda ya fashe ya ƙi barina, sai zuciyata ta yi ta tashi. Inna ta kira ni daka, na zo ina tafe hannu biyu a ƙarƙashin ciki. Na ɗaga taɓarya na ji ƙwan sun motsa, na sauke. Tsintsiya ta faɗi na kasa sunkuyawa in ɗauka. Inna ta tsaya tana kallona tun daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan ɗan tudun da ke ƙarƙashin hijabi. Sai na ga murmushi yana buɗe mata fuska. Ta karɓe taɓaryar, ta jawo mini kujera, ta shiga ɗaki ta fito da tsamiya a hannu.

"Zauna, 'yar nan, kada ki ƙara ɗaga komai. Ashe ɓoye mini kike yi. Tun yaushe?"

Na ce, "Tun ɗazu, Inna."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kunya dai! Mu ma haka muka yi a namu lokacin."

Na so in gaya mata gaskiya, sai na fasa. In Allah ya sa ƙwan cikin firji suka tsira, ni ce zan zama amaryar da ta zagaya bayan surukinta ta kwashe ƙwai ta ɓoye a zane. Na karɓi tsamiya na yi ta tsotsa, ta kuwa yi mini maganin tashin zuciyar.

Kafin la'asar ƙauri ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon. Na ce, "Inna, a fasa kwaɗon nan." Ta ce, "Ƙofar da Malam ya kulle?" Amma ita ma ta kasa zama. Sai ta je ta sa hanci a jikin ƙofar, ta dawo, ta sake komawa, tana salati. Da Baba ya yi sallama tun daga zaure ya ja hanci, na ga tafiyarsa ta canja. Ya cire kwaɗon da sauri. Ya buɗe firjin, hayaƙi ya taso, ga guntuwar wayar ta yi jajir kamar garwashi, robar da ke kusa da ita ta narke tana ɗiga. Ya fizge maƙalin batir. Ya ɗauko ƙwai ɗaya yana jujjuya shi daga wannan hannu zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa a jikin ƙofa, ya ɓare. Fari fat, a dafe, har gwaiduwa. Gwani gwani ne, ko a nan bai ƙona ba, sun gasu daidai.

Inna ta sulale ta zauna a dokin ƙofa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta karɓi ɓararren ƙwan ta riƙe a tafin hannu tana kallo, hawaye yana bin kuncinta. Can ta ce, a hankali, "Na gidanmu ke nan sun ƙare." Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, kuma tausayinta ya kama ni har nawa idon ya cika. Ba ƙwai take yi wa kuka ba, mahaifiyarta take tunawa.

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya cire hula, ya mayar, ya juya wajen abokin shawararsa. "To, rago, ai masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi..."

"Ƙarasa mana, Malam," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Ko a kawo maka yaji ne?"

Bai ƙarasa ba. Sai Inna ta share ido da bakin zane, ta yi ajiyar zuciya, ta nuna ni da haɓa. "Allah dai bai hana mu duka ba. Ya karɓi zabi, ga shi zai ba mu jika."

Baba ya yi tari, ya juya wa rumbu fuska gaba ɗaya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma yanzu ba sauran abin ɓoyo. Na zagaya bayan Inna, na juya baya, na kwance ɗankwalin, na ajiye mata shi a cinya. Ta buɗe. Ƙwai biyar, da ɗuminsu. Ta dubi ƙwan, ta dubi cikina da ya koma yadda yake, ta sake duban ƙwan. Sai ta fashe da wani abu da har yau ban san ko dariya ba ne ko kuka, ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗayan yana tare da ƙwan, tana cewa, "Ja'ira! Ja'irar yarinya! Ki mayar mini da tsamiyata!"

Daga nan Baba ya taka a hankali zuwa gindin dalbejiya, ya tsuguna gaban ragon, ya dafa masa ƙaho. Muryarsa ta sauka ƙwarai.

"Kai rago, ni dai tunda nake ban taɓa janye ice wuta ta ƙaru ba. In akwai mai ilimin abin nan a gidan nan, a tambayo mini. Ina sauraro."

Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ja hijabi na rufe rabin fuska, na je ɗaya gefen ragon na durƙusa, yanzu ba abin da zai fashe. Na kalli ragon ido cikin ido, don in ba haka ba ba zan iya ba.

Na ce, "Rago, ka san hanyar ruwa da ke tasowa daga kogi zuwa gona. Kogi yana turo ruwa da ƙarfinsa, shi ne batir. In hanyar doguwa ce, kacala ta cika ta, ruwa kaɗan ke isa gona. In aka datse hanyar ta gajarta, kacala ta ragu, ruwa zai kwararo har ya cinye shuka. Wayar nan ba ice ba ce, rago. Kacala ce."

Duk wanda ya zauna a bakin kogin nan ya san kacala, ciyawar da ta toshe mana hanyoyin ruwa, Baba kuwa ya sha shiga cikinta da adda. Na ji ya maimaita a hankali, "Ba ice ba ce, kacala ce." Na ɗauki tsinke na fara rubuta lambobin a ƙasa gaban ragon, shi kuma ragon yana ta miƙo baki zai cinye tsinken. Na nuna masa yadda ake raba ƙarfin batir da turjiyar waya a sami yawan wutar da ke gudu, da yadda ake ninka ƙarfin batir da wutar da ke gudu a sami zafin da za ta bayar. Na zo kan yanka na biyu, ina cewa goma sha biyu a raba da ɗaya da rabi, ban rufe baki ba Baba ya ce, "Takwas." Mutumin da ya tsufa yana kasa kifi a kasuwa ba a riga shi rabawa. Ya ninka da kansa, ya ce, "Casa'in da shida. La ilaha illallahu. Rago, ashe maƙera na haɗa musu." Ya tambayi rago batun tagar, na gaya wa rago cewa wannan wutar iska ba ta hura ta, fitar da zafi kawai take yi. Baba ya je da kansa ya zare tsumman.

Kafin rana ta faɗi mun gyara. Akwai ragowar wayar risho da mijina ya ajiye, Baba ya riƙe ta da filaya a cikin shago, ni ina bakin ƙofa da mita, na ba shi baya, ina ɗaga murya wajen dalbejiya. "Rago, a ƙara tsawo." Ya ƙara. "Rago, saura kaɗan." Har mita ta nuna amfiya biyu. Duk wannan lokacin ƙwan biyar suna ɗaure a cikin Inna, ta ce ita ma a bar ta ta ɗana. Sauran kuwa aka raba wa maƙwabta da yaji, ba wanda aka gaya wa dalili, kuma ba wanda bai ji dalilin ba kafin gari ya waye.

Da mijina ya dawo daga gona, ya tarar da ni da mahaifinsa, ɗaya a dama da rago ɗaya a hagu, muna muhawara da shi kan ko batir zai kai safe in an yi hadari. Ya tsaya da buhu a kafaɗa, baki buɗe, ya kasa ko sallama.

Da lokaci ya yi, ƙwai huɗu suka ƙyanƙyashe, ɗaya ya yi baragurbi. Inna ta kwana biyu ba ta bar kowa ya taɓa su ba. Da Babbar Sallah ta zo Baba ya nemo wani rago ya yi layya, ya ce na gindin dalbejiya ba a yanka shi, ya yi makaranta. Bayan shekara na haifi ɗana na fari na gaske, har Inna ta koma ga Allah ba ta kira shi da wani suna ba sai ƙanen zabi. Ragon ya tsufa ya mutu a turkensa, mu kuwa ba mu fasa ba, turken muka ci gaba da yi wa magana. Ta bakin turken nan Baba ya tambaye ni abubuwa da yawa, ta bakinsa na sha gaya masa ya sha magani, ta bakinsa kuma ya ce in yafe masa, ana saura kwana kaɗan ya rasu. Bai taɓa kallon fuskata ba, ban taɓa kallon tasa ba, amma ban yi hira da wani dattijo kamar yadda na yi da shi ba. Turken yana nan, ban bari an cire ba, fararen zabi suna kiwo a gefensa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunya abu ne mai kyau, ban kuma yar da tawa ba. Amma wuta ba ta san suruki ba, lissafinta ɗaya ne ga babba da yaro. In ka san gaskiyar da za ta tsare wa wani abin da yake ƙauna, kada ka ba wani ya kai maka ita, don a hanya za a tausasa ta har ta koma sa albarka. Kowane gida yana da hanyar da ƙarami zai gaya wa babba gaskiya ba tare da ya zubar masa da girma ba. Tamu tana ɗaure a gindin dalbejiya tun safe, tana tuƙa, ni ce ban je wurinta ba sai da ƙwai ya dahu.